Jarkar da Ba Tawa Ba

Zuwa ga 'yata Godiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a wannan takarda ta same ki kin sauka Kafanchan lafiya, kin kuma tarar da Antinki Saratu da sauƙin jiki. Allah ya tsare shigarki da fitarki, a aji da kan titi da duk inda idona ba zai kai ba.

Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zanen gado, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin zauna. Kin san ni da nauyin baki. Da muke ninke kayanki sau uku ina buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Kin ɗauki sabulu?" Ke ma kika ce, "Na ɗauka, Mama," kika sunkuyar da kai. Haka muke ni da ke. A coci mata suna yabonki, wai Godiya akwai kunya, uwarta sak. Duk lokacin da na ji haka sai tsoro ya kama ni.

Kin sha tambayata me ya sa ba na zuwa Galili. Kowace Litinin ɗin Ista ikkilisiya ta kwashi tukwane da ganguna ta fita bayan gari, ni kuwa in ɗaure kai in ce ciwon kai. Ba ciwon kai ba ne. Yau zan gaya miki, tunda a ɗakin Saratu za ki zauna, za ki riƙa jin ƙarar sandarta a kan siminti kullum safe. Ya kamata ki san daga ina sandar ta fito.

Shekarata goma sha shida a lokacin, Saratu goma sha takwas. Kin san da sikila aka haife ta. Tun tana ƙarama wata nas ta gaya wa Kakarki abu uku: kada ƙishirwa ta kama yarinyar nan, kada ta galabaita a rana, kada ruwan sanyi ya taɓa jikinta. Kakarki ta sayi wata shuɗiyar jarka, ta ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Duk gidanmu an san jan ƙyallen nan. Ko Babanmu ya dawo daga gonar citta maƙogwaronsa a bushe, randa yake nufa, ba ya taɓa jarkar. Amma a waje ba wanda ya san sunan ciwon. Kakarki ta hana a faɗa, wai kada a ƙi auren 'ya'yanta. In an tambaya sai mu ce zazzaɓi ne mai yawan dawowa.

Ni kuwa a lokacin ba a duniyar nan nake ba. Littattafan soyayya nake ara a hannun 'yan ajinmu, in sa su a cikin bangon littafin waƙoƙi, in zauna a gindin mangwaro kamar mai haddar waƙar Lahadi. Akwai wani Broda Ishaya mai kaɗa jita a kwaya. Maganar da ya taɓa yi mini a duniya guda ɗaya ce: "Sista, matsa kaɗan." A kan wannan "matsa kaɗan" na gina gida mai ɗaki huɗu, na sa labule, na raɗa wa yara suna. Ki yi dariya in kina so. Ni ma da zan iya da na yi.

A shekarar an yi Galili a bakin kwazazzabon da ke bayan dutsen garinmu, inda rafi ke fitowa daga tsakanin duwatsu ya bazu a kan yashi. Bayan wa'azi da cin abinci sai matasa suka ce za su bi rafin su hau har idon ruwa, wani tafki a can sama da aka ce ba ya ƙafewa. Broda Ishaya ne a gaba, jita a kafaɗa. Na san Kakarki ba za ta bar ni in bi samari ni kaɗai ba. Sai na je wurin Saratu, tana zaune a inuwar ɗorawa tana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Yaya, kin taɓa ganin idon ruwan nan?"

Ta ce, "Ni da ko kasuwar Kachia ba a bari na je? Ina na ga ido, ina na ga hanci."

Na ce, "An ce ba nisa."

Idonta ya yi haske. Ita ta je ta roƙi Kakarki, ba ni ba. Kakarki ta daɗe tana kallon rana, sannan ta miƙo mini jarkar ta ce, "Rahila, ke ce mai riƙo. Duk inda kuka tsaya ta sha. Wannan ba na kowa ba ne, kin ji ni?" Na ce na ji.

Kuskurena na farko ke nan, tun ba mu taka dutse ko ɗaya ba. Ina son abu, na ji kunyar nema da bakina, sai na tura wata gaba na ɓuya a bayanta. Godiya, in kina son abu ki nema da sunanki. In an hana ki, kin sha haushi na yini ɗaya. Amma in kika yi garkuwa da mutum, a jikinsa kibiyar za ta sauka, ke kuma ki tsaya lafiya lau kina kallo har tsufanki.

Akwai wata kwalbar ruwa da Kakarki ta ajiye mini ni ma. Na bar ta a gindin ɗorawa, don 'yar jakata ta cika: littafi na ciki, da hoda, da ɗankwalin da nake so in canza in mun isa. Na ce a raina, rafi fa za mu bi, wa ke kai ruwa rafi? Ashe duka haka kowa ya ce. Mu goma sha biyu muka shiga kwazazzabon nan, ruwan da ke hannunmu jarkar Saratu kaɗai. Waɗanda suka ce ba nisa da kaka suka taɓa zuwa, lokacin da ruwa ke gudu, iska tana kaɗawa. Mu kuwa tsakiyar bazara ce, ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Da mun tambayi tsofaffin matan da ke shiga wurin neman itace, da sun gaya mana a wannan wata suna kawai ya rage wa rafin. Ki riƙe wannan: hanya ɗaya ce, amma ba ita ce a kowane wata ba. Ki tambayi wanda ya bi ta jiya.

Ban taɓa jin zafi irin na ranar ba. Duwatsu sun tashi dama da hagu kamar bangon coci, sama ta zama 'yar siririyar tsaga, rana kuma ta tsaya daidai kan tsagar kamar da mu ta zo. Iska ba ta shiga. Dutsen da muke takawa yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Inda ruwa ya kamata ya kasance sai farin yashi da busassun ganye, jefi-jefi a ga ɗan kududdufi kore shar, kashin shanu a bakinsa, talibambam suna motsi a ciki. Tukurwar bakin rafin duk ta yi laushi ta sunkuya. Da farko ana waƙa, ana amshi, duwatsu suna maido mana da muryarmu. Can sai waƙar ta mutu, ba a jin komai sai numfashi da ƙarar tsakuwa.

A tsayawar farko na ba Saratu ta sha. Wannan kam na yi.

A tsayawa ta biyu muka raɓe a ƙarƙashin wani dutse da ya turo baki. Broda Ishaya ya ajiye jita, rigarsa sharkaf, ya ce, "Kai, wannan rana za ta kashe mutum. Ba mai ruwa?" Sai idonsa ya sauka a hannuna. "A'a! Sista Rahila! Ashe ke kaɗai ce mai hankali a cikinmu."

Godiya, ban san ya san sunana ba. Na ji shi a bakinsa kamar yadda na sha karantawa a littattafan nan. Ya miƙo hannu. Kalma huɗu ce kacal a kaina: na yayata ne, Broda. Ina jin su a kan harshena. Hannuna ya riga su.

Ya sha, ya zuba kaɗan a ka, ya miƙa wa na kusa da shi yana cewa, "Kaɗan-kaɗan fa, don Allah, ku bar wa mai shi." Wata Talatu mai bakin tsiya ta ce, "Broda, ruwan amarya kake kwankwaɗa haka, ka biya sadaki?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na rufe fuska da ɗankwali, daɗi kamar ya kashe ni. Ta tsakanin yatsuna nake ganin jarkar tana zagayawa hannu zuwa hannu, jan ƙyallen yana lilo. Da ta dawo wurina ba nauyi. Na girgiza ta, ko motsi.

Saratu ta dubi jarkar, ta dube ni, ta dubi Broda Ishaya. Sai ta yi murmushi. Ta gane komai a lokacin, har dalilin da ya sa na kira ta tafiyar.

Za a gaya miki kyauta halin Kirista ne, kuma gaskiya ne. Amma abin da aka ba ki riƙo ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi. Za ki zama nas in Allah ya yarda. Za a ba ki maganin wani, da lokacin wani, da sirrin wani. Mai kyakkyawar murya zai zo ya kira sunanki da daɗi. Kafin ki miƙa, ki juya ki ga wa za ki hana. Kuma ki koyi cewa a'a da ƙarfin da za a ji. Ki gwada a ɗaki ke kaɗai in ya kama. Ni ban taɓa gwadawa ba, ranar da na buƙace ta ban same ta ba.

Muka ci gaba da hawa. Saratu ta fara zama baya. Leɓɓanta suka yi fari, ta riƙa tsayawa tana dafa ƙugu. Ta ce mini a hankali, "Rahila, ƙashina ya fara cizo." Na san ma'anar wannan magana, tun ina goye nake jin ta. Abin yi a fili yake: in ɗaga murya in ce a tsaya, a juya. Amma sauran sun yi nisa, sai na yi ihu za su ji. Kuma in na yi, sai na faɗi dalili, sai na ambaci sunan ciwon da aka hana, a gaban Broda Ishaya, wanda a gidan da na gina a kaina shi ne maigida. Na ce, "Daure, Yaya, mun kusa." Ban san ko mun kusa ba.

Idon ruwan yana nan kamar yadda aka faɗa. Tafki ne baƙi wuluk a ƙarƙashin dutse, rana ba ta taɓa shi, sanyinsa har haƙori. Wuri ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Saratu ta kai bakinsa ta zube. Aka yo kanta. Wani ya ce rana ce ta buge ta, a sa ta a ruwa. Samari biyu suka ɗaga ta suka tsoma har ƙirji, 'yan mata suna kwarfa mata a ka, duk da kyakkyawar niyya. Ni kaɗai a wurin na san abu na uku da nas ta hana. Na ce, "Kada." Na faɗa, Allah shaida ne. Amma da muryar da ni kaɗai na ji.

Ihun da ta yi, duwatsun nan suka karɓa suka riƙa maimaitawa, kamar yadda suka yi wa waƙarmu. Har yau in na ji ana amshi a coci wani lokaci shi nake ji.

Sai a lokacin bakina ya buɗe, na ce sikila gare ta, ku fito da ita. Broda Ishaya ya juyo ya ce, "Sikila? Kuma ba wanda ya faɗa mini? Ruwan da muka sha fa?" Ya dubi jarkar a hannuna, ya dubi jan ƙyallen, ya kawar da kai. Ba mugun mutum ba ne, kada ki riƙe shi a zuciya. Shi ya tuɓe rigarsa aka goge ta, shi ya cika jarkar a tafkin aka riƙa ɗura mata, amma ruwan da ya zo bayan ciwo ya tashi ba ya kwantar da shi. Ya bar jitarsa a can, ya goya ta. Duk inda ya taka dutse ya girgiza sai ta yi ƙara. Ina bin bayansa dab da dab, takalmina na Ista ya tsinke, ina tafiya a kan dutse mai zafi ba takalmi. Watanni ina mafarkin in yi tafiya kusa da shi. Ga shi na samu.

Sirrin gida yana da wurinsa, Godiya, ban ce ki zama mai tallar cikinki ba. Amma in rai yana kan hanya, babu sirri, babu kunya, babu wanda ya fi ƙarfin a katse shi. Malaminki ne, likita ne, fasto ne, ki buɗe baki. Gara a ce yarinyar nan ba ta da ladabi.

Rana ta yi sanyi kafin mu fito. A kan mashin aka kai ta titi, daga nan mota zuwa asibiti a Kafanchan. Ta yi makonni a kwance. Ta tashi, amma ƙashin ƙugunta bai tashi da ita ba. Takardar shiga kwalejin malamai tana cikin akwatinta a lokacin. Tana nan har yanzu ina jin, ƙarƙashin yadikan mutanen da take yi wa ɗinki.

A kwana na biyu a asibitin, Kakarki tana zaune a bakin gado ta juyo ta ce, "Rahila, ta sha ruwanta kuwa?"

Na ce, "Ta sha."

Kakarki ta ci gaba da kallona. Sai Saratu, da allurar ƙarin ruwa a hannunta, ido a rufe, ta ce, "Na sha, Mama. Ni na shanye shi tas."

Kakarki ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To laifina ne da na bari." Wannan maganar ta riƙe har bara da muka binne ta. Kin sha jin ta da kunnenki, in ta ga Saratu tana jan ƙafa: ni na bari. Sau nawa ina zaune a gefenta ina tsince shinkafa tana faɗa, ban ɗago ba. Waɗanda suka sha ruwan ma kowa ya ja bakinsa, kunya ta kama su. Broda Ishaya yana Kachia yanzu yana sayen citta, kansa ya yi sanƙo, in mun haɗu a biki sai ya ce, "Maman Godiya, ya yara?" mu wuce juna da sauri.

Na ɗauka ƙaryar yini ɗaya na yi, don in tsallake wannan kallon. Ban san wata zan ɗora wa kayan ta ɗauka har kabari ba. In kin yi kuskure a wurin aiki ko a gida, ki faɗa a ranar, da zafinsa. Kowace safiya da ta wuce bakin yana ƙara nauyi, har ranar da wadda ya kamata ta ji ba ta nan.

Na san kina karance-karancenki a waya, ina ganin yadda kike murmushi ke kaɗai a bakin murhu har tuwo ya kama. Ban hana ki ba. Littattafan nan sun yi mini rana a lokacin da ba ni da abokin hira. Sai dai a cikinsu duk wanda ba masoyi ba ado ne kawai, yana tsaye a gefe yana jiran a gama. A duniya na gefen nan yana da ƙishirwa.

Kuma 'yan makarantarku za su shirya fita, na sani, ko dutsen Kagoro ko wajen ruwa. Ki je, ban ce ki zama ni ba. Ki fita da sassafe, ki ɗauki ruwanki ko an ce kogi za ku. In rabin ruwan ya ƙare ki juya, ko da saura taku goma a isa. Kada ki bi na gaba, ki riƙa waiwayar na ƙarshe.

Saura magana ɗaya. Duk zuwan da nake yi wurin Saratu, kin gani, kafin in zauna sai na ɗauki bokiti na cika mata randa da duro da duk abin da ke da baki a gidan. Ranar da na je maganar zamanki a wurinta, ina cikin haka ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Rahila, ajiye bokitin nan. Famfo yana kawowa yanzu. Shekara nawa kina ɗebo mini ruwa ban aike ki ba? Zo ki zauna." Ta matsa mini a benci. Ta jira. Na zauna, na buɗe baki, na ce mata yadin da take ɗinkawa yana da kyau.

Da na fara wannan takarda niyyata in ce in kin gama ki karanta mata. Har na rubuta, na soke, za ki ga wurin a bayan shafin. Sai na ga abin da nake shirin yi: in sake tura wata gaba in ɓuya a bayanta, yau kuma 'yar cikina. Kada ki nuna mata. Ba aikenki ba ne.

Ni zan zo da kaina ranar Litinin ɗin Ista. In mutane sun tafi Galili, motar farko zan shiga. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin ga na shigo na nufi bokiti, ki karɓe shi daga hannuna, ki fita da shi, ki ja mana ƙofa.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki daga zafin rana da sharrin hanya, ya ba ki muryar da bai ba uwarki da wuri ba. Ki gaida Antinki. Ki tabbata kofinta ba ya zama babu ruwa.

Mamanki,
Rahila